Yadda ake raba lodin uwar garken firoksi tsakanin kamfanonin intanet da dama

A ranar Alhamis 14 ga watan Maris na shekarar 2024, cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, miliyoyin jama'a a Afirka ta Yamma sun wayi gari intanet yana tafiyar hawainiya, wasu kuma ya ɗauke musu gaba ɗaya. Manyan wayoyin sadarwa huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Tekun Atlantika, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu lahani daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Binciken farko da kamfanin MainOne ya fitar ya alaƙanta lamarin da motsin ƙasa a ƙarƙashin teku, kuma gyaran ya ɗauki makonni.

A Najeriya, harkokin bankuna da na ofisoshi da dama sun samu tangarɗa. Abin da ya kawo sauƙi shi ne kamfanonin sadarwa sun karkatar da zirga-zirgar bayanai zuwa wayoyin da lamarin bai shafa ba, irin su Glo-1 da Equiano. Wanda yake da hanya ta biyu ya ci gaba da aiki, wanda ba shi da ita ya zauna jiran gyara.

Wannan darasi ya shafi jami'o'i da asibitoci da ma'aikatu da shagunan intanet kamar yadda ya shafi manyan kamfanoni. Shi ya sa ya zama ruwan dare a ga ofis yana biyan kuɗin layin intanet ga kamfanoni biyu ko uku. Sai dai sayen layi na biyu shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. A wuraren da ake amfani da uwar garken firoksi, sau da yawa akan tarar layi ɗaya ya cika maƙil, ɗayan kuma yana kwance ba aiki duk da ana biyan kuɗinsa kowane wata. A wasu wuraren kuma rabon kan yi aiki, amma shafukan banki su riƙa korar ma'aikata a tsakiyar biyan kuɗi. Duka matsalolin biyu suna da tushe ɗaya, kuma suna da magani.

Mene ne firoksi?

Uwar garken firoksi kwamfuta ce da ke tsaye tsakanin kwamfutocin cikin ofis da duniyar intanet. Idan ma'aikaci ya nemi buɗe wani shafi, kwamfutarsa ba ta zuwa shafin da kanta. Firoksi take miƙa wa buƙatar, shi kuma ya je ya karɓo amsar ya kawo mata. Aikinsa ya yi kama da na ɗan aike a babban gida: kowa ya ba shi saƙonsa, shi kaɗai ke fita kasuwa, kuma 'yan kasuwa fuskarsa kaɗai suka sani.

Hukumomi na ajiye firoksi don dalilai da dama. Yana ba su damar tantance wanda ke amfani da intanet ta hanyar suna da kalmar sirri, da toshe shafukan da ba a so, da adana tarihin amfani, da ƙayyade yawan abin da kowa zai iya saukewa. A da, babban amfaninsa shi ne ajiye kwafin shafukan da aka fi ziyarta don kada a sake sayen bayanan da aka riga aka sauke. Wannan amfanin ya ragu tun da mafi yawan shafuka suka koma tsarin HTTPS, wanda ke ɓoye abin da ake aikawa. A wannan tsari firoksi yana ganin sunan shafin da ake nema, amma ba ya ganin abin da ke ciki.

Manhajar firoksi da ta fi shahara ita ce Squid, wadda ta fito a shekarar 1996 daga wani aikin bincike na jami'o'in Amurka mai suna Harvest. Kyauta ce, kuma har yau ana samun ta a makarantu da ofisoshi a sassan duniya.

Inda gizo ke saƙar

Kowace na'ura da ke kan hanyar sadarwa tana da lamba da ake kira adireshin IP. Na'urar da ke haɗa ofis da kamfanonin intanet, wato rauta, da wannan adireshi take gane wanda ya aiko da saƙo. A ofishin da babu firoksi, rauta tana ganin kwamfutoci ɗari a matsayin masu aike ɗari, don haka tana iya tura hamsin ta layin farko, hamsin ta layi na biyu.

Da zarar an saka firoksi a tsakiya, lissafin ya sauya. Dukkan buƙatun kwamfutocin nan ɗari za su iso wa rauta ɗauke da adireshi guda, na firoksi. Idan an tsara ta ta raba lodi bisa adireshin mai aike, a wajenta mutum ɗaya ne ke magana, saboda haka za ta tura komai ta layi ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin layi na biyu yana kwance.

Akwai dalili na biyu. A tsarinta na asali, kowace kwamfuta tana da babbar ƙofar fita guda ɗaya tak, wadda take bi da duk saƙon da ba na cikin gida ba. Ko da an jona wa firoksi wayoyi biyu daga kamfanoni biyu, zai ci gaba da bin ƙofar da aka rubuta masa tun farko, har sai an koya masa wani tsari na dabam.

Layi biyu ba sa narkewa su zama ɗaya

Kafin a shiga hanyoyin rabo, akwai wata fahimta da ke buƙatar gyara. Mutane da yawa kan ɗauka cewa layi mai gudun megabit 100 a daƙiƙa da wani mai megabit 50 za su haɗu su ba kowa gudun 150. Ba haka abin yake ba.

Duk lokacin da kwamfuta ta buɗe mu'amala da wani shafi, ana kiran wannan mu'amala haɗi. Kowane haɗi yana ɗaure da adireshin da aka fara shi da shi, kuma kowane kamfanin intanet yana ba abokin cinikinsa adireshi na dabam. Idan aka raba fakitocin bayanai na haɗi guda tsakanin layi biyu, shafin da ake magana da shi zai ga rabin saƙon ya zo daga adireshin da bai sani ba, sai ya yi watsi da shi. Saboda haka haɗi ɗaya layi ɗaya yake bi daga farko har ƙarshe. Mai sauke babban fayil da ya faɗa kan layin megabit 50 ba zai wuce 50 ba, ko da ɗayan layin babu kowa a kansa.

Ribar tana fitowa ne idan jama'a suka yi yawa. Shafi guda na zamani kan buɗe haɗi da dama a lokaci ɗaya, domin hotuna da bidiyo da tallace-tallace daga wurare daban-daban suke zuwa. Ofis mai ma'aikata ɗari yana iya samun dubban haɗi a buɗe da tsakar rana. Waɗannan ne ake rabawa, kamar yadda ake raba fasinjoji tsakanin motoci biyu a tasha: motocin biyu sun fi ɗaya kwasar mutane, amma kowane fasinja mota ɗaya zai shiga.

Akwai fasahar da ke iya haɗa layuka biyu don haɗi guda, kamar tsarin MPTCP da aka fara wallafa ƙa'idojinsa a shekarar 2013, wanda kamfanin Apple ya yi amfani da shi a manhajar Siri. Amma tsarin yana buƙatar ɓangarorin biyu su amince da shi, kuma yawancin shafukan intanet ba su yi hakan ba. Wasu kamfanoni na sayar da hidimar haɗa layuka ta wata uwar garke da ke nesa, wadda ke tattara fakitocin ta mayar da su saƙo ɗaya. Wannan kan ƙara kuɗi, kuma idan waccan uwar garken ta tsaya komai ya tsaya.

Ma'aunin rabo

Hanya mafi sauƙi ita ce karɓa-karɓa: haɗi na farko ya bi layin farko, na biyu ya bi layi na biyu, na uku ya koma layin farko. Tana raba lodi daidai wa daida, kuma ta dace da layuka masu ƙarfi ɗaya. Idan ƙarfinsu ya bambanta, sai a sa wa kowane layi nauyi. A misalin megabit 100 da 50, cikin kowane haɗi uku biyu su bi babban layi, ɗaya ya bi ƙarami.

Hanya ta biyu ita ce rabo bisa mai amfani. Ana iya cewa sashen kuɗi da ofishin rajista su bi layin farko, ɗakin karatu da ɗakunan kwanan ɗalibai su bi na biyu. Ana kuma iya barin na'ura ta yi lissafi a kan adireshin kowace kwamfuta, ta yadda kullum kwamfuta ɗaya layi ɗaya za ta riƙa faɗawa. Alfanun wannan shi ne kwanciyar hankali, domin adireshin da duniya ke ganin mutum da shi ba ya sauyawa. Illarta kuwa ita ce lodin ba ya daidaita sosai: idan masu kallon bidiyo suka taru a ɓangare ɗaya, layinsu zai cika alhali ɗayan yana da sarari.

Hanya ta uku ita ce rabo bisa inda ake nufa. Firoksi ya fi rauta ƙwarewa a nan, domin yana ganin sunayen shafuka. Ana iya umartar sa ya tura shafukan banki da na biyan kuɗin gwamnati da na rajistar jarrabawa ta layin da ya fi aminci, sannan ya tura YouTube da Facebook da sabunta manhajoji ta layin da ya fi arha.

A aikace, ƙwararrun ma'aikatan sadarwa kan cakuɗa hanyoyin. Muhimman shafuka a kafe su kan layi ɗaya, sauran kuma a raba su bisa mai amfani, tare da la'akari da nauyin kowane layi.

Wurare uku da ake iya yin rabon

Wuri na farko shi ne cikin firoksi kansa. Squid yana da umarni mai suna tcp_outgoing_address, wanda ke ba shi damar zaɓen adireshin da zai fita da shi gwargwadon wanda ya aiko da buƙata ko shafin da ake nema. Ana ba uwar garken adireshi biyu, ɗaya na kowane layi, sai a rubuta sharuɗɗan zaɓe. Amma Squid adireshi kawai yake zaɓa, ba shi ke zaɓen wayar da saƙo zai bi ba. Wannan aikin babbar manhajar kwamfutar ne, wadda galibi Linux ce. Dole a kafa mata jadawalin hanyoyi biyu, tare da ƙa'idar cewa duk fakitin da ke ɗauke da adireshin kamfanin farko ya bi ƙofar kamfanin farko, haka ma na biyu.

Wannan mataki ne aka fi mantawa da shi. Idan aka tsallake shi, fakiti zai fita ta wayar kamfanin farko ɗauke da adireshin kamfani na biyu. Kamfanonin intanet da yawa suna zubar da irin wannan fakiti, bisa wata shawara ta ƙwararru da aka fitar a shekarar 2000 mai suna BCP 38, wadda aka tsara don daƙile masu kai hari da adireshin bogi. Sakamakon shi ne rabin ma'aikata su ga shafuka sun ƙi buɗewa, ba tare da wata alama da ke nuna dalili ba.

Akwai kuma wani ɗan tarko. Don rage ɓata lokaci, Squid kan bar haɗin da ya buɗe da wani shafi a buɗe, ya sake amfani da shi don buƙatar wani mutum na dabam. Idan rabon ya dogara ga wanda ya aiko da buƙata, wannan ɗabi'a kan sa saƙon mutum ya bi layin da ba nasa ba. Masu kula da manhajar sun ba da shawarar a kashe wannan tsari a irin wannan yanayi.

Wuri na biyu shi ne cikin rauta. Na'urorin MikroTik, na wani kamfani da ke ƙasar Latbiya, sun yaɗu sosai a ofisoshi da ƙananan kamfanonin intanet na Najeriya. Suna da wani tsari mai suna PCC, wanda ke ɗaukar wasu bayanan haɗi ya mayar da su lamba, ya raba lambar da wani adadi, sannan ragowar lissafin ta nuna layin da za a bi. Idan ana son rabon biyu da ɗaya, sai a raba da 3: ragowar 0 da 1 su bi babban layi, ragowar 2 ta bi ƙarami.

Abin lura shi ne bayanan da aka zaɓa don lissafin. Idan adireshin mai aike kaɗai aka zaɓa, an koma gidan jiya, tunda firoksi ne kaɗai mai aike. Idan aka haɗa adireshin mai aike da na wurin da ake nufa, kowane wuri zai samu layinsa na dindindin, abin da ya dace da bankuna, sai dai duk masu ziyartar wani shahararren wuri za su taru a layi ɗaya. Idan aka ƙara da lambar tashar haɗi, wadda ke sauyawa a kowane sabon haɗi, lodin zai bazu sosai, amma adireshin mutum zai riƙa tsalle tsakanin layuka. Manhajar pfSense ma tana da irin wannan tsari, inda ake haɗa ƙofofin fita cikin rukuni, a ba kowace matsayi da nauyi. Squid kuma yana da wani yanayi mai suna TPROXY da ke barin adireshin ainihin kwamfutar a kan saƙo, ta yadda rauta za ta sake ganin mutum ɗari maimakon ɗaya, ko da yake kafa shi yana buƙatar ƙwarewa.

Wuri na uku shi ne tsakanin firoksi da firoksi. Ana ajiye ƙaramin firoksi a bakin kowane layi, sannan babban firoksi na cikin gida ya riƙa raba musu aiki. Squid yana iya yin wannan rabo ta karɓa-karɓa, ko bisa nauyi, ko bisa adireshin kwamfuta, ko bisa sunan mai amfani. Ana kuma iya sa manhajar HAProxy a gaba ta yi rabon. Wannan tsari ya fi cin na'urori, amma ya fi sauƙin bincike idan matsala ta taso, domin kowane ƙaramin firoksi ƙofa ɗaya ya sani.

Dalilin da ya sa banki ke korar mutum

Shafukan da suka shafi kuɗi da bayanan sirri suna sa ido kan adireshin da mutum ya shiga da shi. Idan ma'aikaci ya shiga asusunsa da adireshin wani kamfani, bayan daƙiƙa kaɗan kuma buƙatarsa ta gaba ta zo da adireshin wani kamfanin, shafin na iya ɗaukar cewa ɓarawo ne ya sace izinin shigar, sai ya rufe ƙofa ya nemi a sake shiga. A ɓangaren tsaro wannan mataki ne mai kyau. Amma ga akawun da ke tsakiyar biyan albashi, ko mai shagon intanet da ke cike wa ɗalibi takardar rajista ana saura sa'o'i a rufe, abin na iya jawo asarar kuɗi da lokaci.

Wasu hidimomin ma sun fi haka tsauri, domin adireshin da aka yi musu rajista da shi kaɗai suke karɓa. Ofishin da ke amfani da irin wannan hidima dole ya kafe ta kan layi ɗaya, kuma ya yi rajistar adireshin layi na biyu tun da wuri saboda ranar da na farko zai ɗauke.

Maganin gaba ɗaya shi ne mannewa: mutum ɗaya da shafi ɗaya su tsaya kan layi ɗaya muddin mu'amalarsu ba ta ƙare ba. Rabo bisa mai amfani yana samar da wannan kai tsaye. Karɓa-karɓa zalla kuwa ba ya samarwa, shi ya sa ba a cika son sa ga zirga-zirgar firoksi ba duk da kyan lissafinsa a takarda.

Gane layin da ya mutu

Rabon lodi ba shi da amfani idan na'ura ta ci gaba da tura rabin jama'a cikin layin da ya riga ya mutu. Dole a samu tsarin da ke gwada lafiyar kowane layi a kai a kai, ya cire wanda ya gaza, ya mayar da shi idan ya farfaɗo.

Kuskuren da aka saba yi shi ne a gwada na'urar kamfanin intanet da ke kusa kawai. A irin yanayin watan Maris na 2024, wayar da ta shigo ofis lafiyarta ƙalau, fitilun na'ura suna ci, ƙofar kamfanin tana amsawa, amma hanyar fita ƙasashen waje ce ta yanke. Gwajin da ya tsaya a bakin ƙofa zai ce komai lafiya. Abin da ya dace shi ne a gwada adireshi fiye da ɗaya masu nisa ta kowane layi, wasu a cikin ƙasa wasu a waje, kuma a duba yawan fakitocin da ke ɓacewa da tsawon lokacin da amsa ke ɗauka. Layin da ke zubar da kaso mai yawa na saƙonni kan fi wanda ya mutu ɗungurungum wahalar da jama'a, domin na'ura na ganin sa a raye.

Ana kuma buƙatar ɗan jinkiri kafin a mayar da layin da ya dawo. Layin da ke ɗaukewa yana dawowa kowane minti biyu zai riƙa jefa mutane nan da can, kuma kowane sauyi yana yanke duk haɗin da ke kansa.

Wani ɓangare da ake yawan sakaci da shi shi ne DNS, tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin lamba. Firoksi ne ke yi wa kwamfutocin ofis wannan tambaya. Idan na'urar fassara ta kamfanin farko kaɗai ya sani, ranar da layin farko ya ɗauke ba zai iya fassara ko suna ɗaya ba, sai layi na biyu ya zama hoto. Wasu kamfanonin ma ba sa amsa tambayar da ta zo daga adireshin da ba nasu ba. Mafita ita ce ofis ya ajiye na'urar fassara tasa, ko ya yi amfani da waɗanda ake iya kaiwa gare su ta kowane layi.

Sai batun ƙarfi. Idan layin megabit 100 ya faɗi, na 50 ne zai ɗauki kayan da ake rabawa a kan 150. Ya kamata tun kafin ranar a tsara abin da za a taƙaita, kamar bidiyo da manyan fayiloli, domin a bar sarari ga ayyukan da ba sa jira. Squid yana da tsarin ƙayyade gudu da ake iya amfani da shi don wannan.

Kamfani biyu, hanya ɗaya

Sunan kamfani biyu a kan takardar biyan kuɗi ba ya tabbatar da cewa hanyoyi biyu ne. Ƙananan kamfanonin intanet da yawa suna sarar intanet ne daga manya, kuma biyu na iya saye daga dila ɗaya. Wayoyinsu na faiba na iya bin rami ɗaya a gefen titi ɗaya, ta yadda katafilar masu aikin hanya za ta yanke su a lokaci guda. Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sha kokawa kan yankewar wayoyin faiba sakamakon aikin tituna da ɓarna, kuma a shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Yawancin wayoyin ƙarƙashin teku da ke shigowa Najeriya a Legas suke sauka, ko da yake wayar 2Africa ta sauka har a Jihar Akwa Ibom a shekarar 2024. Daga gaɓar teku, bayanai kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙarƙashin ƙasa kafin su kai Abuja ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, kuma iya nisan tafiyar, iya yawan wuraren da waya za ta iya yankewa. Saboda haka ya kamata mai sayen layi na biyu ya tambayi kamfanin daga wa yake saye, wace wayar teku yake bi, kuma ta wane titi wayarsa ta shigo gari.

Haɗa fasahohi mabambanta kan fi ba da kariya, misali faiba da layin rediyo, ko faiba da tauraron ɗan'adam. Kamfanin Starlink ya fara aiki a Najeriya a farkon shekarar 2023, kuma taurarinsa suna shawagi a nisan kimanin kilomita ɗari biyar, don haka amsarsu tana da sauri. Tsofaffin taurari da ke nisan kusan kilomita 36,000 kuwa amsarsu kan haura rabin daƙiƙa, abin da ya sa sun fi dacewa da zaman ko-ta-kwana fiye da rabon lodi na yau da kullum. Haka kuma, bayanan da ake musaya tsakanin kamfanonin cikin gida ta cibiyar IXPN, wadda aka kafa a shekarar 2006, ba sa buƙatar ratsa teku, don haka kamfanin da ke jone da cibiyar yana da wata fa'ida ta musamman.

Manyan hukumomi kamar bankuna da wasu jami'o'i suna da wata mafita ta dabam. Suna mallakar adireshinsu na kansu da lambar shaidar hanyar sadarwa daga AFRINIC, hukumar rabon adireshi ta Afirka da ke ƙasar Mauritius, sannan su sanar da adireshin ta kamfanoni biyu ko fiye ta tsarin BGP. A wannan yanayi adireshin firoksi ba ya sauyawa ko wane layi ya bi, don haka matsalar korar banki ba ta tasowa. Sai dai tsarin yana buƙatar rukunin adireshi aƙalla 256 kafin sauran duniya su karɓi sanarwar, ga kuɗin rajista na shekara-shekara, ga buƙatar ƙwararren injiniya. Ya fi ƙarfin ƙaramin ofis.

Abin da ya rage a cikin gida

Bayan an gama da layuka, firoksi kansa na iya zama inda igiya za ta tsinke. Idan shi kaɗai ne kuma ya tsaya, layuka uku ma ba za su amfana da komai ba. Ana magance wannan da ajiye firoksi biyu, tare da fayil ɗin saiti da ke gaya wa burauza ta koma na biyu idan na farko bai amsa ba. Haka batun wutar lantarki: rauta da firoksi da na'urorin kamfanonin biyu duk suna buƙatar inbata ko batirin da zai riƙe su kafin janareto ya tashi.

Akwai kuma nauyin doka. Tarihin da firoksi ke adanawa yana nuna wanda ya ziyarci wane shafi da lokacin da ya ziyarta, kuma waɗannan bayanai ne na mutane. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta shekarar 2023 ta ɗora wa masu tattara irin waɗannan bayanai alhakin kiyaye su da amfani da su bisa ƙa'ida. Duk lokacin da aka ƙara yawan firoksi, an ƙara yawan wuraren da ake buƙatar tsarewa.

Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin rabon lodi da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba. Hanyar gwajin ba ta da tsada: a zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi, a zare wayar layin farko da gangan, a duba daƙiƙa nawa aka ɗauka kafin jama'a su koma na biyu, a buɗe shafin banki da na rajista a ga ko suna karɓa, sannan a mayar da wayar a zare ta biyu. Ofishin da ke maimaita wannan gwaji lokaci zuwa lokaci, yana kuma duba jadawalin lodin kowane layi a ƙarshen wata, shi ne zai san ko kuɗin da yake biya wa layi na biyu yana saya masa kariyar da yake zato.